Gawo a nan sunansa haraz: haɗa tawada da launi daga kayan Sudan

Bahaushe mai zane da ke zaune a Sudan, ko jikan mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ko ɗalibin da karatu ya kawo, yawanci ɗaya daga cikin zane biyu yake fara yi. Na farko shi ne ƙofar gari irin ta Kano da marina da mai algaita, wato gidan da yake kewa ko wanda kaka ta ba shi labari. Na biyu shi ne dalar Marawi da raƙumi da rana tana faɗuwa a bayan dabino, irin abin da ake sayar wa baƙi. Duka biyun ba laifi ba ne, sai dai wanda bai taɓa taka Sudan ba ma zai iya yin su daga hoton waya. Abin da mazaunin ƙasar kaɗai ke da shi shi ne sanin abu ɗaya da suna biyu. Aduwa ce lalob, bagaruwa ce garad, tsamiya ce aradeb, kuka ce tabaldi, kanwa ce atrun. Tsiren da kakanni suka zo da shi ya zama agashe a bakin Larabawa, har yaran Umdurman ba su san kalmar Hausa suke faɗa ba. A wannan mahaɗar aikin yake, kuma hanya mafi kusa ta shigarta ita ce kayan zanen su ma su fito daga ƙasar da ake zaune.

Ba sabon tunani ba ne. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin allo ne. Ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya dawo ya tarar mutanensa ba su ga kansu a cikin abin da ya koyo ba, sai ya koma wa harafin Larabci da adon gargajiya. Daga baya, yana zaune a Ingila, ya daɗe yana zana bishiyar haraz. Haraz kuwa gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, bishiyar da kowane ɗan ƙauyen Hausa ya taɓa kakkaɓe wa awaki 'ya'yanta. Bahaushen Sudan ya fi kowa haƙƙin zana ta, don ya san ta a harshe biyu.

A fara da ƙaro, domin shi ne uwar komai. Iri biyu ake samu a kasuwa: hashab, wato ƙaron ɗakwara, da talha. A nemi hashab. Ƙwallayensa masu haske ne, daga fari-fari zuwa launin zuma, ba ya wari, yana narkewa tas. Talha ya fi araha amma ya fi duhu da saurin marmashewa, yana kuma dusashe launi mai haske. Wanda yake Kordofan, musamman Al-Ubayyid inda babbar kasuwar ƙaro take, ba shi da uzurin amfani da maras kyau. A daka shi a turmi mai tsabta, ba wanda aka daka barkono a ciki ba. Awo shi ne kofi ɗaya na garin ƙaro, kofi biyu na ruwa, ana aunawa da ƙaramin kofin shayi. A tafasa ruwan a bar shi ya huce ya zama mai ɗumi, a zuba, a rufe, a bar shi ya kwana. Kada a ɗora ƙaron a wuta don gaggawa, yana kama gindin tukunya ya yi duhu. Da safe a motsa, a tace da tsohon ƙyalle mai laushi don fitar da ɓawon itace da yashi. Abin da ya fito ya yi kaurin zuma mai ruwa-ruwa.

Sai a ƙara rabin ƙaramin cokali na zuma, ita ce ke hana launi tsagewa in ya bushe, da kanumfari uku ko huɗu don jinkirta lalacewa. Zancen zuma ya danganta da gari. A Madani, Sinnar ko Gadarif lokacin rani iska busasshiya ce, zuma na da amfani. A Port Sudan kuwa, inda danshin teku ke cikin iska, a bar ta gaba ɗaya, in ba haka ba zanen zai kwana yana danƙo, takarda ta manne wa 'yar'uwarta. Ruwan ƙaro ba ya jure zafi. In babu firji, cikin 'yan kwanaki zai fara tsami, kuma da zarar ya yi warin tsami ya rasa ƙarfin riƙonsa. Gara a riƙa jiƙa kaɗan-kaɗan, a ajiye kwalbar a ƙarƙashin zir, randar ruwa, inda ƙasa ke da sanyi.

Baƙar tawada iri biyu ce, kuma mutane da yawa na ruɗa su. Akwai ta gawayi ko kunkunniya, wadda almajiran Hausa ke kira zuge, ɗaliban halwa, wato makarantar allo a Sudan, kuma suke kira amar. Ita zama take yi a kan allo ko takarda, shi ya sa take wankuwa. Akwai kuma yambari, ta bagaruwa da ƙarfe, wadda ke shiga jikin takarda ta kama, ba ta fita.

Mafi saurin hanyar samun kunkunniya ita ce kankare gindin tukunya ko ƙasan doka, farantin da ake gasa kisra, gurasar Sudan, a kai. Tana aiki, amma tana zuwa da toka da tsakuwa, tawadar ta fito toka-toka tana ƙaiƙayi a bakin alƙalami. Mai son baƙi na gaske ya yi fitila: ƙaramin gwangwani, man riɗi, lagwani na auduga da aka ɗan ja ya yi tsawo don ya yi hayaƙi. A kifa farantin ƙarfe a kan duwatsu uku, tazarar yatsu biyu zuwa uku daga harshen wutar. Duk bayan minti 10 zuwa 15 a ɗaga, a share baƙin da gashin kaza cikin kwano. In farantin ya yi zafi sosai baƙin ba ya taruwa, sai a canza da wani. Aiki ne na haƙuri, abin da awa guda ke bayarwa kaɗan ne, amma kaɗan ɗin na rufe takardu da yawa. A yi shi a tsakar gida, ba a ɗaki ba. Kalanzir ya fi ba da hayaƙi, sai dai baƙinsa na da maiƙo da wari, yana barin da'irar mai a gefen harafi.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne zuba ruwa a kan kunkunniya. Ba ta son ruwa, za ta taso sama ta yi ta yawo. Ruwan ƙaro ake ɗiga mata, cokali ɗaya ga cokali ɗaya, a murza a kan fale-falen dutse ko gilashi mai kauri da gindin kofin gilashi, minti 20 zuwa 30, har ta zama sumul tana sheƙi kamar kwalli. Bayan nan ne ake sassauta ta da ruwa, ɗigo-ɗigo. Gwajin ba wuya: a ja layi, a bari ya bushe, a murza da babban yatsa. In ya shafe, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli ya tsage da aka lanƙwasa takardar, ƙaro ya yi yawa, a ƙara baƙi da ruwa.

Yambari kuwa, a samu busasshen garad wajen masu sayar da kayan ƙamshi da magani, ko'ina akwai shi don 'yan Sudan na maganin mura da shi. A farfasa kamar giram 50, a cire ƙwayoyin, a jiƙa a rabin lita na ruwa ya kwana, sannan a dafa a wuta kaɗan har ruwan ya koma rabi, a tace. Gefe guda, tun mako ɗaya kafin nan, an jiƙa ƙusoshi masu tsatsa cikin ruwan khal, wato binega, a kwalba. Kada a ɗaure murfin, iska ke fita daga ciki. A gida da kashin maƙera ake yi, ƙusa ce madadinsa a inda ba maƙera kusa. Ana zuba ruwan ƙarfen cikin na bagaruwa cokali-cokali, ana motsawa. Nan take zai juya baƙi. Cokali biyu zuwa uku sun isa wannan awon, a tsaya da zarar ƙari ya daina ƙara duhu, sai a sa cokali biyu na ruwan ƙaro. Lokacin rubutu za ta fito fara-fara, kada a yi saurin cewa ta lalace, iska ce ke baƙanta ta cikin sa'o'i. Haɗarinta shi ne ƙarfe ya yi yawa: bayan shekaru tana cin takarda, harafi ya zama rami, kamar yadda ake gani a wasu tsofaffin littattafan malamai. Tana kuma cin bakin alƙalamin ƙarfe. A yi zanen ƙashin aiki da yambari don ba ta motsi in ruwan launi ya bi ta kanta, a bar zuge ta zama ta ƙarshe a sama.

Launuka sun fi ban sha'awa kuma sun fi yaudara. Karkade, zoɓorodonmu, a kofi ja ne kamar jini. A dafa tafin hannu biyu a kofi ɗaya na ruwa har ya yi kauri, a tace, a sa ɗan ƙaro. A kan takarda sai ya bushe ya koma shuɗi-shuɗi ko toka mai ɗan ja, saboda yawancin takardun zamani na da alli a jikinsu, launin kuma yana juyawa in ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa. Matsa lemun tsami na riƙe jan na wani lokaci. Ɗigon ruwan atrun kuwa na mayar da shi shuɗi zuwa kore, wanda mai wayo zai iya amfani da shi da gangan: a shafa karkade, a yi rubutu a kai da ruwan kanwa, harafin ya fito da wani launi. Amma a sani, karkade ba ya jure haske. Zanen da aka rataye kusa da taga zai koɗe cikin watanni. Na littafi ne, wanda ake rufewa. Wanda zai sayar wa mutum aikin karkade ba tare da ya gaya masa haka ba, ya cuce shi.

Gahawa ta fi shi amana. A dafa ta da ƙarfi, ba sukari, ba citta, don sukari na kiran tururuwa. Tana ba da launin ƙasa-ƙasa da ake iya ninkawa sau uku ko huɗu, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Lalle ba ya kama takarda sosai, ya fi kyau a kan itace da fata. Baƙin rinin da ake haɗawa da lalle don ƙunshin amare kuwa a nisance shi, guba ne, bai kamata ya zauna a kwanon da yara ke iya kaiwa ba.

Launin da ba ya mutuwa shi ne na ƙasa, kuma a nan ne zama a Sudan ke shiga cikin aiki da jikinsa. A ɗebo ƙasa rabin bokiti, a cika da ruwa, a dama sosai, a jira kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan mai launi cikin wani bokitin ba tare da an taɓa na ƙasa ba. A bar na biyun ya kwana. Da safe a zubar da ruwan sama a hankali, a shanya laɓar da ta kwanta a faranti, a niƙa, a murza da ruwan ƙaro kamar yadda aka yi wa kunkunniya. Ba kowace ƙasa ke bayarwa daidai ba. Baƙar lakar Jazira, wadda ke tsagewa da rani har ƙafa ta shige, haka take yi a kan takarda: in aka shafa ta da kauri za ta tsage ta ɓamɓaro, don kumbura take yi da ruwa ta tsuke in ta bushe. A yi mata ruwa-ruwa, a shafa siriri. Jan rairayin Kordofan a ido ja ne ƙwarai, amma launin fatar sama ce kawai a jikin ƙwayar yashi, bokiti guda ba ya ba da abin kirki sai an murza da hannu sosai cikin ruwan. Laɓar da Nilu mai shuɗi ke kawowa lokacin cikarsa, wajen Agusta, ita ce mafi laushi, ruwan kogi ya riga ya yi rabin aikin tacewa. Garin jan bulo da aka niƙa shi ne jan da ya fi sauƙin samu a cikin gari. A rubuta sunan wurin da ranar a jikin kowace kwalba. Zanen garin Mai Wurno da aka yi da ƙasar Mai Wurno abu ne da ba wanda zai kwaikwaya daga nesa.

Abin da za a yi zanen a kai: takardar kwafi mai giram 80 ba ta ɗaukar ruwa, tana cukurkuɗewa. A nemi mai giram 200 zuwa 300. In babu, allo ya fi, kuma shi ne siffar da Bahaushe da ɗan Sudan suka gada tare, ko da yake masu zayyanar sauka a gida sukan manna takarda a kan allon su yi adon a kanta. A goge allon da samfefa mai lamba 120, sannan 220. A haɗa farin gam na kafinta kashi ɗaya, ruwa kashi ɗaya, garin alli kashi biyu, a shafa siriri sau uku, kowane shafi ya gitta na baya. Dole a shafa gaba da baya. Wanda ya shafa fuska ɗaya ya ajiye a zafin Mayu zai dawo ya tarar allon ya lanƙwashe kamar ɓawon kankana. Ana iya ɗaure allin da ƙaro maimakon gam, kamar na halwa, amma wannan shimfiɗar na narkewa duk lokacin da jiƙaƙƙen buroshi ya bi ta kanta sau biyu.

Alƙalami na kara ne, na dawa ko gamba ko iwar bakin kogi, busasshe, kaurin ƙaramin yatsa. A fere baki a karkace, a tsaga shi kamar santimita ɗaya, a yanke ƙarshen a kan itace mai tauri. A fere biyu, domin a nan akwai wasan da ya fi kowanne daɗi. Rubutun allo na ƙasar Hausa mai kauri ne, na Warshu, fa'unsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafunsa ɗigo ɗaya a sama. Rubutun makarantun Sudan siriri ne, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Saboda haka in aka rubuta Gadarif da hannun gida, yaron da ya yi makarantar gwamnati a nan zai ga ƙaf ɗin ya karanta shi fa. Wannan ruɗanin shi ne rayuwar ɗan takari, wato Bahaushen da ya zauna a nan, a cikin ɗigo guda. A gwada jera zangon tsohuwar hanyar Hajji, Kano, Maiduguri, Abeshe, Junaina, Fashir, Al-Ubayyid, Sinnar, Sawakin, a fara da alƙalami mai faɗi da hannun gida, hannun na sirancewa zango bayan zango har ya zama na nan. A ra'ayina ayar Alƙur'ani ba ta shiga irin wannan gwajin ba, musamman aikin da za a sayar ba a san inda za a ajiye shi ba. Sunayen garuruwa, sunayen bishiyoyi a harshe biyu, karin magana da ajami, sun wadatar.

Mai ƙyamar zana abu mai rai, kuma da yawa cikinmu haka aka tarbiyyantar da su, bai rasa abin zanawa ba. Angareb, gadon igiya, da aka fitar tsakar gida da magariba. Takalman markub a ƙofar masallaci kusa da silifa. Kujerun mai shayi da gwangwanayenta kafin kowa ya zo. Tabag na Darfur kusa da faifan gida, a dubi inda saƙarsu ta yi kama da inda ta rabu. Tiren agashe da ƙuli-ƙulinsa. Wanda kuma zai zana mutane, ya nemi izini, ballantana mata.

Yanayi na da nasa hukunci. Da zafin da ke wuce digiri 40, tawada na bushewa a bakin alƙalami kafin a gama kalma, ruwan launi kuma na barin gefe mai duhu tun ba a baza shi ba. Lokacin aiki shi ne bayan asuba zuwa hantsi. A cusa zare ko auduga a cikin kurtu don ta riƙe danshi, a rufe shi tsakanin layi da layi. In an ga sararin sama ya yi ja, habub, guguwar ƙura, na tafe, a kifa kwano ko tire a kan aikin tun kafin ta iso. Ƙurar da ta faɗa wa ɗanyen ƙaro ta zauna ke nan, gogewa ƙara ɓatawa ne.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, girman aiki ma ya zama abin lissafi. A yi ƙanana, santimita 15 da 20, waɗanda kowanne ke tsayawa da kansa amma in an jera su gefe da gefe layukan su haɗu su ba da babba. El-Salahi ya fara irin wannan ne a kurkukun Kobar bayan an tsare shi a 1975, yana zane a kan 'yan guntayen takarda yana ɓoyewa. Ƙananan zane guda ashirin na shiga jakar hannu. Kada a zauna da takarda da fensir kusa da gada, bariki ko shingen bincike, kuma zanen hanya mai sunayen garuruwa, komai kyan niyyarsa, mai bindiga na iya ɗaukarsa taswira. Irin wannan a bar shi a ɗaki.

Wajen ajiya, kada a shafa wa aikin ƙaro kowane irin man ƙyalli mai ruwa, zai narkar da shi. A ɗauki hotonsa a inuwa ranar da aka gama, tun karkaden na da ransa. A sa farar takarda tsakanin kowane biyu, a ɗaure cikin kwali mai ƙarfi, a ɗora a kan kanta, nesa da bango da ƙasa saboda gara. Leda na tare ƙura a garuruwan cikin ƙasa, amma a bakin teku tana tara gumi ta kawo fumfuna. Kyankyasai kuma suna son ƙaro da zuma, sukan bi layin rubutu su lashe shi su bar takardar fara, saboda haka a zuba kanumfari ko busasshen ganyen darbejiya a cikin kwalin, a riƙa canzawa duk wata biyu.